Jawabi Ga Masu Motocin Tokumbo Masu Turbo

Wannan jawabi wani tsohon bakanike ne ya yi shi a gaban 'yan kasuwa da direbobi. Mun buga shi duka domin waɗanda ba su sami halarta ba.

Na gode wa waɗanda suka rufe rumfunansu da wuri, da direbobin da suka bar layi a tasha suka zo. An roƙe ni in yi magana a kan tsofaffin motocin nan da a ke kawo mana daga Turai da Amurka, waɗanda wasu ke kira tokumbo, wasu Beljiyam, wasu kuwa 'yan Kwatano. A watan Janairu na 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, amma sunan Kwatano bai bar bakin mutane ba. To, a cikinsu masu turbo su ne zancenmu na yau.

Talaka ba ya sayen mota don ado. Wani adashin shekara biyu ya kwasa, wani shanu ya sayar, wani ɗan'uwa ne ya ba shi ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Motar ita ce jarin, ita ce rumfar, ranar da ta kwana a gareji ranar babu cefane a gida. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, abin da ke saura a aljihun mai mota bayan ya sha mai bai kai ya riƙa ɓarna da shi ba. Saboda haka ku saurara da kyau. Yawancin turbo da a ke kawo mana gareji a mace ba tsufa ne ya kashe su ba. Ko dai baƙin mai ya yanke musu, ko ƙura ta shige su, ko zafi ya dafa su. Waɗannan kuwa duk a hannun mai mota su ke, bakanike sai bayan ɓarna ya ke ganin motar.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya san aikin zugazugi. Gawayin nan dai shi ne, amma da yaro ya kama zuga sai wuta ta yi ja wur har ta tausasa ƙarfe. Inji ma wuta ya ke hurawa a cikinsa, wuta kuwa sai da iska. Turbo shi ne zugazugin inji, sai dai ba yaro ke zuga shi ba, hayaƙin da injin ya fitar shi ke juya shi. Ƙananan fanka ne guda biyu, kowace ba ta fi bakin kofin shayi ba, an haɗa su da sanda ɗaya mai kaurin fensir. Ɗaya tana kan hanyar hayaƙi, ɗayar tana kan hanyar iska. Hayaƙi ya tura ta farko, ta biyun ta cusa iska cikin inji da ƙarfi, a ƙara mai daidai da iskar, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba. Dabarar ba ta yau ba ce. Wani injiniya mutumin Siwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistarta a 1905, aka daɗe ana mora ta a jiragen ruwa da na sama da manyan motoci kafin ta shiga ƙananan motoci a Amurka a 1962.

Zan kafa misalina da motocin Volkswagen, gama suna da yawa a hannunku: Sharan, wadda 'yan tasha ke ce wa Sharon, da Passat, da Golf, da 'yar'uwarsu Audi A4. Ita Sharan a ƙasar Fotugal aka fara ƙera ta a 1995, tare da Ford Galaxy, kuma an yi ta yin wannan jikin na farko har 2010. Ba kowace Sharan ke da turbo ba. Mai injin fetur 2.0 ba ta da shi, haka ma mai silinda shida. In ka ga an rubuta 1.8T, wannan fetur ce mai turbo. In ka ga TDI, dizal ce, watau gas, ita ma mai turbo. Ku duba abin mamaki: injin 2.0 yana ba da ƙarfin doki 115, amma 1.8T da bai kai shi girma ba yana ba da 150. Wannan aikin zugazugi ne. Wanda motarsa ba Volkswagen ba ce kada ya tashi, abin da zan faɗa ya shafe shi, lambobi ne kawai za su bambanta, sai ya duba littafin motarsa.

BAƘIN MAI

Fankar silin ta ɗakinka tana juyi wajen sau 300 a minti ɗaya. Injin mota a kan hanyar Kaduna yana yin wajen 3,000. Turbo kuwa ya kan wuce 100,000 a minti ɗayan nan, ga kuma hayaƙin da ke dukansa, wanda a injin fetur ya kan kai digiri 900 in ana aiki mai nauyi. Wanda ya taɓa buɗe bonet da dare bayan doguwar tafiya da lodi, wataƙila ya ga kaskon turbon ya yi ja kamar garwashi. Sandar nan da ke wannan gudu babu boris mai ƙwallaye da ke riƙe ta. A kan baƙin mai ta ke yawo, kamar kwale-kwale a kan ruwa. Man yana zuwa ne ta wani siririn bututun ƙarfe, ya shafe ta, ya ɗebe mata zafi, ya koma ƙasa. In man ya yanke na ɗan lokaci ƙanƙane, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, shi ke nan.

Saboda haka nan zan fi daɗewa, ku yi haƙuri da ni.

Akwai wata magana da ta zauna a kan mutanenmu, wai ƙasarmu da zafi, don haka mai kauri shi ne mai. Mutum ya sa yatsa a galan, in ya ji yana danƙo kamar zuma sai ya ce wannan shi ne na ƙwarai. A zamanin Peugeot 504 wannan magana tana da hujja, gama injinta da 20W-50 ya saba. Amma 1.8T ba 504 ba ne. Hanyoyin mansa matsattsu ne, mai kauri ya kan yi jinkirin isa turbo da safe, a daidai lokacin da a ke bukatarsa. Abin da za ka nema shi ne man da a ke kira sintetik, 5W-40, sa'an nan ka juya bayan galan ka nemi wannan rubutu: VW 502 00 in motarka ta fetur ce, VW 505 00 in ta gas ce. Wasu TDI na wajen 2000 zuwa sama, waɗanda kowace noza ke da nata famfo a kan inji, su 505 01 su ke so, kada a ba su wani. Ko ba ka yi boko ba, lamba ce, sa ɗanka ya rubuta maka a takarda ka riƙe ka gwada da ta jikin galan.

Kada ku ɗauka son kashe muku kuɗi na ke yi. A can Amurka ma, inda hanya ke da kyau, wannan inji ya ba mutane wuya a kan mai. Man da bai dace ba, ko wanda aka bari ya daɗe, zafin turbo ya kan dafa shi ya zama laka baƙa ƙirin kamar kwalta. Lakar nan ta gangara kwanon mai na ƙasan inji, ta toshe rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta, inji ya buga. Abin ya yi yawa har a 2004 kamfanin ya ƙara wa'adin garanti zuwa shekara 8 a kan wannan ciwo ga Passat na 1998 zuwa 2004 da Audi A4 na 1997 zuwa 2004. Waɗannan motoci kwanon mansu ƙarami ne, bai cika lita 4 ba, shi ya sa man ke saurin gajiya. To, irinsu ne aka yi ta lodowa a jirgi ana kawo mana ta Ikko. Wanda ya saya bai san abin da mai ita na farko ya zuba mata ba, balle na biyu da na uku.

Ga abin da za ka yi ran da ta shigo hannunka. Buɗe murfin da a ke zuba mai, juya shi, haska tocila cikin ramin. In ka ga ƙarfe ruwan zuma, ka yi sa'a. In ka ga baƙar laka ta manne, to kada ka ɗora mata lodi tukuna. Kai ta a kwance kwanon ƙasa, a wanke shi, a wanke rariyar ko a sa sabuwa. Aikin wuni ɗaya ne. Ni ko da ban ga laka ba na kan ba da shawarar a yi haka sau ɗaya. Amma fa kada ka yarda wani ya ce zai zuba kananzir ko gas a inji ya ta da shi wai don ya wanke cikinsa. Lakar da ke kwance lafiya sai ta ɓalle gaba ɗaya ta tafi ta toshe rariyar, ga shi kananzir ba ya riƙe sandar turbo.

Juye kuwa, kowa a nan zai iya yi da kansa a ƙofar gida. Ka bar inji ya yi ɗumi, ba zafi ba, ka kashe. A tsai da mota a wuri madaidaici, a ja birkin hannu. In za ka ɗaga ta, kada ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai, ko na minti ɗaya ne. Sa gungumen itace mai ƙwari, ko ƙarfen da aka yi domin haka. Bulon siminti ya kan fashe ba sallama. Kwance notin ƙasa, a yawancin waɗannan motoci sifana 19 ce, ka tara tsohuwar roba, ka bar shi ya tsiyaye sarai. Mai da notin da sabon wasa, ka ɗaure daidai, kada ka hau kansa da ƙafa, gama kwanon da yawa na alminiyam ne, zarensa ya kan cinye. Filta kuwa kowane juye sabuwa. Shafa ɗan mai a robar bakinta, ɗaure da hannu kawai. Zuba mai sannu-sannu, wajen lita 4 zuwa 4 da rabi gwargwadon injin, amma sandar awo ita ce alƙali. Ta da inji, kada ka taɓa totur, duba fitilar mai ta mutu, leƙa ƙasa ko akwai ɗiga. Kashe, jira minti biyar, sake aunawa. Kada mai ya haura alamar sama. Wasu suna ganin ƙari alheri ne, alhali mai da ya yi yawa ya kan hana na turbo komowa ƙasa, sai ya bi ta hanyar iska da ta hayaƙi.

Tsohon man kada a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya. Tara shi a jarka, kafintoci suna nemansa don gara.

Yaushe za a yi juyen? A Turai kilomita 15,000 aka yanka, a Amurka mil 5,000, watau kilomita 8,000. Ni a zafinmu da ƙurarmu da lodinmu ba na son a wuce kilomita 5,000. Mai Passat ta Amurka ya lura, agogonta mil ya ke ƙirgawa, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, watau mil 3,000 ya isa. Masu cewa su duk wata uku su ke juye, bari mu yi lissafi. Daga Kano zuwa Kaduna wajen kilomita 230 ne. Sharan da ke zuwa ta komo kullum ta ci 460. Kafin kwana 11 ta cika 5,000. In ka jira wata uku, man nan ya yi aikin juye takwas. Kalanda ta mai zuwa ofis ce, kai ɗan tasha agogon mota za ka bi. Sayi ɗan littafi ka ajiye a aljihun mota, ka rubuta rana da lambar agogo duk juye. Ran da za ka sayar da ita ma littafin nan zai ƙara mata daraja.

Game da man duro da a ke aunawa a kwalba a bakin hanya, ba zan tsawaita ba. Ba ka san sunansa ba, ba ka san ko tsoho ne aka tace ba. Araha ba ta ado. Na galan ma akwai jabu, don haka ka saya a wurin dila sananne, ka duba hatimin murfi, in galan ya ƙare ka huda shi kafin ka yar, kada a sake cika shi a sayar wa ɗan'uwanka. Sa'an nan kowace safiya kafin ka ta da mota ka zaro sandar awo ka duba. Tsohon inji mai turbo yana ɗan shan mai, ba laifi ba ne, laifin a bar shi ya sauka. In kuwa jar fitila mai hoton buta ta kama kana cikin tafiya, ka gangara gefe ka kashe nan take. Kada ka ce bari in ƙarasa Zariya.

Yanzu sai halin direba, wanda ba ya cin ko kwabo. Da safe in ka ta da mota, ba ta kamar rabin minti mai ya hau, sa'an nan ka tashi a hankali, kada ka danne totur sai allurar zafi ta ɗaga. Ba sai ka bar ta tana ƙugi rabin sa'a ba, wannan ƙona mai ne. Da ka iso kuwa, ga inda a ke kisan kai. Akwai wata al'ada da muka gada tun zamanin kafireto, direba ya zuga totur sau biyu, wum, wum, sa'an nan ya murɗe makulli. A mota mai turbo ka tura sandar nan ta kama gudu ke nan, sa'an nan ka kashe famfon da ke ba ta mai. Ta ci gaba da juyi a bushe. Wanda ke yin haka ya bari daga yau. Haka kuma wanda ya sha gudu a babbar hanya ya faɗa gidan mai ya kashe nan da nan: man da ya tsaya cikin turbo mai zafi ya kan ƙone ya zama gawayi, a kwana a tashi ya toshe siririn bututun. Maganinsa ka sassauta gudu tun kana shiga gari, in ka tsaya ka ba ta minti ɗaya ko biyu tana aiki a hankali, lokacin da fasinja ke sauka ya isa. A wurin hawa kuma, kamar Hawan Kibo a hanyar Jos, in da lodi kada ka bar ta a babbar giya ka danne totur tana gurnani. Sauko da giya, bar inji ya numfasa. Sharan kujera bakwai aka yi mata, na san abin da ku ke ɗora mata ranar kasuwa, ban ce komai ba.

ƘURA DA RUWA

Waɗanda suka ƙera motocin nan ba su san hunturunmu ba. Duk iskar da inji zai shaƙa sai ta bi ta fankar turbo, fankar kuwa alminiyam ce mai fukafukai sirara. Ƙura a wannan gudu kamar dutsen wasa wuƙa ta ke, tana cin bakin fukafukan har su dakushe. Abin da ke tsakaninsu da ƙurar takarda ce guda ɗaya, watau filtar iska. Buɗe akwatinta kowane mako, da hunturu ma fiye da haka. Ɗaga ta sama ka kalli rana ta cikinta, in haske ba ya ratsawa ta gama aiki. Kana iya bubbuga ta a hankali ƙura ta zube, amma kada ka wanke ta, kada kuma ka kai wa mai faci ya hura mata iskar taya. Iskar nan tana huda takardar da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, ka mayar da ita fes kana murna, alhali ka buɗe wa ƙura ƙofa. Shafe cikin akwatin da ɗanyen tsumma, ka tabbata murfi ya zauna, maƙallansa duka sun kama. Ka shafa yatsa cikin bututun da ke bayan filtar. In ka ji gari-gari, ƙura tana wucewa ta wani wuri, sai ka nemo shi. A bakin bututun nan akwai wata 'yar na'ura mai waya da ke auna iska, kada yatsa ko tsumma ya taɓa cikinta.

Daga turbo iska tana bi ta manyan tiyo na roba, ta ratsa wani ƙaramin lagireto da ke sanyaya ta, kana ta shiga inji. Robar da ta shekara ashirin ta gaji. In mota ta rage ja, kana jin huci kamar na maciji duk sa'ad da ka taka totur, ko ta gas ta fara baƙin hayaƙi, kada ka yarda a ce maka turbo ya mutu tun ba a duba tiyo ba. Bi su ɗaya-ɗaya da hannu inji yana kashe, matsa su, duba ƙarƙashinsu, ɗaure zoben da ya saki. Inda ka ga mai ya jiƙa roba ƙura ta manne, sau da yawa nan ne tsagar. Ɗan maiƙo a cikin tiyon ba abin tsoro ba ne, kowace tsohuwar mota tana da shi. Mai ya taru har ya zubo, wannan shi ne magana. An sha sayar wa mutane turbo alhali tiyo ne ya tsage.

In kana son ka san lafiyar turbon da kanka, bari inji ya huce sarai, cire tiyon da ke shiga bakinsa, kama tsakiyar fankar da yatsa biyu. In ta ɗan motsa gefe da gefe kaɗan ba ta taɓa bango ba, lafiya. In tana shiga tana fita, ko tana gogar bango, ko fukafukan sun karairaye, kwanansa ya ƙare. A Passat da A4 hannu yana isa wurin, a Sharan da Golf yana bayan inji, sai an sha wuya.

Ruwan lagireto kuma, ku dubi cikin butar mai shayi da ta shekara tana dafa ruwan rijiya. Farin dutsen nan da ya manne mata, shi ke mannewa a cikin injinka. Waɗannan motoci ruwa mai launin hoda su ke sha, G12, a gauraya shi rabi da rabi da tataccen ruwa irin na ƙara wa batir, ba mai asid ba. Kada a haɗa shi da kore ko shuɗi. Ba maganin ƙanƙara kaɗai ba ne kamar yadda wasu ke zato, yana hana tsatsa, yana kuma sa ruwa ya jure zafi kafin ya tafasa. Turbon 1.8T ma da ruwan nan a ke sanyaya shi. Duba tulun robar da safe, ruwa ya tsaya tsakanin alamu biyu. Kada a buɗe shi da zafi, mutane da yawa sun saɓule fuska a nan. In yana raguwa kullum akwai yoyo, nemo shi, galibi a mahaɗan roba na jikin inji.

A nan ina da magana da 'yan'uwana kanikawa. Da mota ta sauka daga jirgi sai a ce a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, wai na ƙasar sanyi ne. Ban yarda da wannan ba. An yi injin ne ya yi aiki allura tana kan 90. In ya kasa kai wa nan, kwamfutar motar tana ɗauka har yanzu safiya ce, sai ta yi ta ƙara fetur, fetur ɗin ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Ga asarar fetur, ga man turbo ya lalace. In mota tana zafi, akwai dalili: lagireto ya toshe, ko fanka ta mutu, ko famfon ruwa, wanda fukafukansa na roba ne a yawancinsu, ya saki. A gyara dalilin.

Fulogi ba shi da wuya. A canza shi inji yana da sanyi, a fara ɗaura shi da hannu kafin a sa sifana, a sayi lambar da littafi ya ce. A 1.8T kowane fulogi da nasa kwayil a kansa, kuma sun yi suna wajen mutuwa. In inji yana rawa fitilarsa tana ƙiftawa, kada ka ci gaba da gudu. Akwai 'yar na'ura mai araha da a ke soka wa mota ta yi magana da wayar hannu ta faɗi silindar da ke fashi. Motocin Amurka tun na 1996 suna karɓarta, na Turai masu fetur tun na 2001. Mutum biyar a tasha ɗaya su haɗa kuɗi su sayi ɗaya ta ishe su. Ajiye kwayil guda a mota. Fetur ɗin bumburutu kuwa a guje shi in da hali. Ba ku manta da Fabrairun 2022 ba, da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, motoci suka yi ta mutuwa a hanya. In na gidan mai ya iya yin haka, ina ga na jarka? Masu gas su riƙa canza filtar gas a kan kari, su tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindinta, su kuma sani gas da aka gauraya da kananzir yana cinye famfo.

Abu ɗaya ne zan ce kada ka taɓa da kanka, kada kuma ka jinkirta shi: tayimin bel. In ya tsinke inji yana aiki, fistin ya kan daki bawul, 1.8T kuwa bawul 20 gare shi. Kamfanin ya yanka wa kowane inji wa'adinsa, daga kilomita 60,000 a wasu na gas zuwa 120,000 ko fiye a wasu. Amma kai da ka sayi tokumbo, agogon ma ba ka tabbata ba a mai da shi baya ba. Canza shi da ka saya, tare da famfon ruwa da tayoyin da ke ɗame shi, a hannun wanda ya san injin, ka rubuta a littafinka.

Masu TDI, saura ku. Masu ƙarfin doki 110 zuwa sama turbonsu yana da wasu 'yan fukafukai masu motsi a hanyar hayaƙi. Motar da kullum cikin gari ta ke rarrafe, kunkunniya ta kan cushe su su maƙale. Alamarsa kana hawa sai ƙarfi ya ɗauke ɗif, in ka kashe ka sake tayarwa ya komo. Ba mutuwa ya yi ba, wanki ya ke so. Rigakafinsa a riƙa fita da ita babbar hanya lokaci-lokaci ta buɗe murya bayan ta yi zafi. Sai kuma wanda ya fi haɗari. In turbon motar gas ya saki mai da yawa cikin hanyar iska, inji ya kan kama shan baƙin mansa, ya yi ta ƙara gudu da kansa, hayaƙi ya turnuƙe, ka zare makulli ya ƙi mutuwa. Kada ka tsaya kallo. Taka birki iyakar ƙarfinka, taka kuloci, sa giya mafi girma, saki kulocin gaba ɗaya, zai shaƙe ya mutu. Mai giyar otomatik ya fitar da fasinja su yi nisa. Bayan haka kada a sake ta da ita sai an kwashe man da ya taru a tiyo da ƙaramin lagireton.

Shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa, baƙi iska ce ta kasa, fari mai kauri da ba ya bari bayan inji ya yi zafi galibi ruwa ne. Kafin ka ɗora wa turbo laifin shuɗin hayaƙi, a duba ƙananan tiyo da ke fitar da numfashin inji, in sun toshe su ma suna jawo shi.

In kuwa ta tabbata turbo ya mutu, za a sa wani, sabo ko Beljiyam, to ka tsaya a wurin da ƙafarka. Ka tambayi bakanike abin da ya kashe na farko, gama in ba a gano ba na biyun ma zai bi shi. A sa sabon bututun mai, kada a mai da tsohon, cikinsa gawayi ne da wanki ba ya fitarwa. A yi juye, a sa filtar mai da ta iska sababbi, a zazzage tiyo duka kada gutsuren tsohuwar fanka ya saura a ciki. Kada a shafa gam a mahaɗin mai, ya kan gutsure ya toshe hanya. Kafin a ɗaura bututun a ɗura sabon mai a bakin turbon, a juya fankar da yatsa ya game ko'ina. Sa'an nan a ta da inji a bar shi yana aiki a hankali minti biyar, babu mai taɓa totur.

Nan zan tsaya. Wanda ya zo da motarsa ya buɗe bonet, zan zagayo in nuna wa kowa inda nasa turbon ya ke tun ba a yi duhu ba.